Yadda Ake Dawo da Saƙonnin Imel Daga Kwafin Ajiya Bayan Akwati Ya Lalace

Lalacewar akwatin imel ba kasafai take nufin saƙonni sun tafi ba. Sau da yawa suna nan kwance a cikin fayil, manhajar ce kawai ta kasa karanta su. Abin da ke ƙarasa su shi ne garajen gyara: a danna nan, a goge can, daga ƙarshe a kai wa yaron shago ya yi fomatin. Don haka duk abin da zan faɗa a nan ya rataya ne a kan ƙa'ida ɗaya, wato ba a gyara a kan fayil na asali. A kwafe shi, a ajiye gefe, a yi duk gwaje-gwaje a kan kwafin.

Masu ofis a Zariya nake da su a rai: malamai da sakatarori a Samaru da Kongo, ma'aikatan asibiti, masu makarantun kuɗi, da 'yan kasuwar Sabon Gari da suka buɗe imel da sunan kamfaninsu. Kusan abu ɗaya ke kama mu duka. Ana tsakiyar aiki a ɗauke wuta, ko a juya layi zuwa janareta, kwamfutar tebur mara UPS ta mutu alhali manhajar tana rubutu a cikin fayil. Ga faifan da ya tsufa ya sha ƙurar hunturu da zafin bazara, ga filash da ta zaga shagunan buga takardu ta kwaso cuta.

Mataki na farko: katse intanet, rufe manhaja

Kafin komai, cire wayar intanet daga kwamfutar ko ka kashe Wi-Fi, sannan ka rufe manhajar imel ɗinka, Outlook ko Thunderbird. Dalilin yana cikin bambancin hanyoyi biyu da manhaja ke karɓo saƙo, kuma sai ka san wacce kake kai kafin ka ci gaba.

Idan asusunka POP ne, manhajar tana sauke saƙo ta ajiye a kwamfutarka, bayan wani lokaci ta share shi daga sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe da imel ɗinka. Outlook da Thunderbird duka sukan bar kwafi a can na kwana 14 idan ba a sauya saitin ba. Ke nan fayil ɗin da ke kwamfutarka shi ne komai naka. In ya tafi, sai kwafin ajiya.

Idan IMAP ne ko Exchange, gidan saƙonnin yana sabar, abin da ke kwamfutarka kwaikwayo ne. Wannan ya fi sauƙi idan kwamfutar ce ta samu matsala, tunda sabar za ta sake cika ta. Amma idan a sabar ne saƙonnin suka ɓace, da zarar manhajar ta shaƙi intanet za ta daidaita kanta da sabar, ta share kwafin da ya rage maka. Cikin daƙiƙoƙi ake yin wannan asarar, kuma babu tambayar "ka tabbata?". Shi ya sa na sa katse intanet a gaban komai.

Don sanin irin asusunka a Outlook, daga baya idan ka buɗe shi babu intanet, ka shiga File, Account Settings, za ka ga an rubuta POP ko IMAP ko Exchange a gaban adireshin. A Thunderbird yana ƙarƙashin Server Settings.

Mataki na biyu: leƙa sabar ta wata na'ura

Ɗauki waya ko wata kwamfutar, ka shiga imel ɗin ta burauza. Idan saƙonnin suna nan cif, ka huta, matsalar ta kwamfuta ce kawai. Idan ba su nan, duba kwandon shara, domin kowane kamfani yana da wa'adinsa kuma agogo na tafiya. Gmail yana riƙe abin da ke Trash kwana 30. A akwatin bincikensa rubuta in:anywhere tare da sunan wanda ya aiko, saboda mutane da yawa Archive suke dannawa su zaci sun goge. Yahoo, wanda manyan malamanmu da yawa ba su rabu da shi ba, kwana 7 yake ba Trash, kuma yana karɓar roƙon dawo da saƙonnin da suka ɓace cikin kwana 7 da suka wuce. A imel na ma'aikata da ke kan Microsoft 365, ko an share Deleted Items akwai Recover Deleted Items, mai riƙe abu kwana 14 a saitin farko, mai kula da tsarin yana iya ƙara shi zuwa 30. A Google Workspace kuwa, mai kula da tsarin yana da kwana 25 bayan saƙo ya bar Trash. Idan imel ɗin na ma'aikata ne, ka je wurin mutanen ICT yau, kada ka bari sai Litinin.

Mataki na uku: nemo fayil ɗin da ya lalace ka kwafe shi

Outlook yana ajiye saƙonnin POP a fayil mai ƙarewa da .pst, yawanci a cikin Documents, folda mai suna Outlook Files. Na IMAP da Exchange suna cikin fayil mai .ost. Don isa gare shi danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %localappdata%\Microsoft\Outlook, ka danna Enter. Tsofaffin fitowar Outlook ma a nan suke ajiye PST.

Thunderbird kuwa, rubuta %appdata%\Thunderbird\Profiles. Za ka ga folda mai suna kamar tarkacen haruffa, ita ce furofayil ɗinka, inda saƙonninka da saitinka suke. Kwafe ta gaba ɗaya, kada ka tsaya zaɓe.

Kwafin ya tafi wani faifai dabam, ba wani lungu na faifan da ake zargi ba. A nan akwai tarkon da ke kama mutane: yawancin ƙananan filash suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Filash mai 32 za ta ce maka fayil ya yi girma alhali babu komai a cikinta. Maganin shi ne filash ko faifan waje mai tsarin exFAT ko NTFS. Bayan kwafewa, duba Properties na biyun ka tabbatar girmansu ɗaya har zuwa lambar ƙarshe. Ni nakan yi kwafi biyu, in sa wa ɗaya suna "kada-a-taɓa" da kwanan wata, in cire shi daga kwamfutar gaba ɗaya.

Idan kwafin ya tsaya a tsakiya yana kawo saƙon cyclic redundancy check, ko ka ji faifan yana ƙas-ƙas, to faifan ne ke mutuwa. Kashe kwamfutar. Kada ka kunna chkdsk, kada ka yi ta maimaitawa, domin kowane zagaye yana ƙara cin inda ya lalace. Wannan aikin mai gyara ne da ya iya ɗaukar hoton faifai gaba ɗaya zuwa wani sabo, sannan a ciro fayil daga hoton.

Mataki na huɗu: farautar kwafin ajiya

Mutane da yawa za su rantse ba su taɓa yin bakof ba, amma in an bincika sai a samu wani abu. Buɗe This PC ka bincika *.pst, sannan *.bak, sannan *.mbox. Tsohon Outlook yana da ɗabi'ar kwashe tsofaffin saƙonni zuwa archive.pst, kuma akwai waɗanda suka danna masa Yes shekaru da suka wuce ba su san me suka amince da shi ba. Duba tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur, faifan waje, da faya-fayan CD da aka ƙona zamanin da ake yayinsu.

Danna ɓangaren dama na linzami a kan foldar Outlook Files, ka zaɓi Restore previous versions. Idan an taɓa kunna File History, wato tsarin Windows mai ajiye tsofaffin kwafin fayiloli, ko ajiyar Windows, za ka ga jerin ranaku. Kada ka danna Restore kai tsaye, domin zai danne abin da ke wurin. Buɗe tsohon kwafin ka ja fayil ɗin zuwa wata folda. Sai dai File History ba ya ɗaukar AppData sai an saka shi da hannu, don haka masu Thunderbird kada su sa rai sosai a nan. Idan Documents ɗinka yana hawa OneDrive, shiga ta burauza ka duba kwandon sharansa, mai riƙe abu kwana 30 a asusun mutum, 93 a na ma'aikata ko makaranta.

Idan kuma an riga an sake saka Windows, duba ko akwai folda mai suna Windows.old a faifan C. In an ɗora sabon ne a kan tsohon ba tare da fomatin ba, duk tsohuwar foldar Users tana ciki, har da AppData. Bayan haɓaka Windows, tsarin yakan share wannan foldar da kansa cikin kwana 10, don haka a kwafe nan take.

Sai maganar filash. Wata sakatariya a wani ofis a Tudun Wada ta taɓa miƙo min tata, ta ce, "Ɗana, duba min don Allah. A nan yaron ya zuba min komai bara, yanzu sai wasu 'yan kibiyoyi nake gani." Na ce, "Hajiya, kada ki danna ko ɗaya, bari mu ga nauyinta." Properties ya nuna sama da rabin filash ɗin a cike, amma abin da ido ke gani 'yan gajerun hanyoyi ne masu alamar kibiya. Wannan cutar da ke yawo a shagunan buga takardu ɓoye fayiloli take yi, ta ajiye na bogi a madadinsu. Ana fara wanke filash ɗin da antibairos, sannan a buɗe Command Prompt a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan E ne harafin filash ɗin. Foldarta ta fito, da PST ɗinta a ciki.

Idan ka samu kwafi fiye da ɗaya, kada ka ɗauki na baya-bayan nan ido rufe. Fayil yakan fara ruɓewa makonni kafin manhaja ta yi ƙorafi, don haka kwafin jiya yana iya ɗauke da ɓarnar. Jera su da kwanan wata da girma. Wanda ya fi na gabansa ƙanƙanta ba tare da dalili ba, abin zargi ne.

Mataki na biyar: buɗe kwafin ajiya a Outlook

Wannan aikin na tsohon Outlook ne, wanda yanzu ake kira Outlook classic. Sabon Outlook na Windows bai kai shi iya sarrafa PST ba.

Kwafo fayil ɗin ajiyar zuwa faifan kwamfutar tukuna. Kada ka buɗe shi daga filash ko ta hanyar netwok na ofis, domin Outlook yana rubutu a cikin PST ko da karantawa kawai kake yi, kuma filash ta motsa kaɗan an sake sabuwar ɓarna. Sauya masa suna zuwa wani abu kamar ajiya-2023.pst don kada ya rikice da na yanzu. Idan daga CD ya fito, shiga Properties ka cire alamar Read-only, in ba haka ba Outlook zai ƙi shi.

Akwai hanya biyu, kuma ina da zaɓi a cikinsu. Ta farko: File, Open & Export, Open Outlook Data File. Fayil ɗin zai bayyana a gefen hagu a matsayin akwati mai zaman kansa, ka shiga ka duba, ka ja abin da kake so zuwa sabon akwati. Ta biyu ita ce Import/Export, wadda ke juye komai lokaci guda. Ni ta farko nake bi, saboda ina ganin abin da nake ɗauka, kuma in wani saƙo ya lalace shi kaɗai zai ƙi tafiya. Idan dole sai ta biyu, a shafin da ya ba ka zaɓi uku ka ɗauki Do not import duplicates. Zaɓin da ke maye gurbi yana iya danne sabon abu da tsoho.

In Outlook ya ƙi buɗewa sam saboda lalataccen fayil, shiga Control Panel, Mail, Show Profiles, ka ƙirƙiri sabon furofayil, wato sabon saitin asusunka a Outlook. Kada ka goge tsohon.

Fayil ɗin OST labarinsa dabam ne. A ɗaure yake da furofayil ɗin da ya haife shi, ba a ɗaukarsa a buɗe a wata kwamfuta kamar PST. Idan saƙonni suna sabar lafiya, rufe Outlook, ka sauya wa OST ɗin suna, ka buɗe da intanet, zai gina sabo. Amma kafin nan duba ko kana da foldojin da aka rubuta wa This computer only. Tun daga Outlook 2013, lambobin mutane da kalandar asusun IMAP a nan suke zama, kuma babu su a sabar. Idan kuwa sabar ce ta yi asara kuma OST ne kaɗai ya rage, buɗe Outlook babu intanet, danna Work Offline a ƙarƙashin Send/Receive, sannan ka bi Import/Export, Export to a file, ka fitar da komai zuwa sabon PST. Sai ka ga wannan PST ɗin ya buɗe lafiya kafin ka mayar da intanet. Cire asusun daga Outlook a wannan halin daidai yake da yar da makullin.

Idan babu kwafi mai kyau: ScanPST

Microsoft yana haɗo Office da wata 'yar manhajar gyara mai suna SCANPST.EXE. A Office 2016 zuwa sama da Microsoft 365 yawanci tana C:\Program Files\Microsoft Office\root\Office16, ko a foldar Program Files mai x86. Rufe Outlook, buɗe ta, nuna mata kwafin lalataccen fayil ɗin, danna Start. Tana bin matakai 8. A babban fayil za ta yi kamar ta sandare, har Windows ya rubuta Not Responding. Ƙyale ta. Kuma kada ka fara wannan aikin sai a laftof mai cikakken caji ko kwamfutar da ke kan inbata, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar gyara ta fi ta farko muni.

Idan ta gama za ta faɗi abin da ta gani. Bar alamar Make backup of scanned file before repairing, ka tabbatar akwai sarari a faifai da ya kai girman fayil ɗin, sannan Repair. Sau da yawa sai an maimaita har ta daina samun kuskure. Bayan nan buɗe fayil ɗin a Outlook, danna Ctrl da 6, ka nemi folda mai suna Lost and Found. Abin da ta tsinto ba ta san gidansa ba a nan take zubawa.

Abin da ya kamata ka sani game da ScanPST shi ne tsarin fayil take gyarawa, ba saƙonni take ceto ba. Abin da ta kasa fahimta yankewa take yi ta yar. Shi ya sa bayan gyara wasu kan ga fayil ya buɗe amma wata shida sun yi ɓatan dabo. Fayil ɗin .bak da ta ajiye yana iya taimakawa: kwafe shi, sauya ƙarshen sunan zuwa .pst, ka gwada shigo da shi ta Import/Export. Da zarar an gama, ƙirƙiri sabon PST ka kwashe komai zuwa can. Fayil ɗin da ya taɓa fashewa ba na ci gaba da zama a ciki ba ne.

Girma ma yana kashe PST. Tsohon tsarin Outlook 97 zuwa 2002 yana tsayawa a gigabait 2, kuma har yau akwai masu jan irin wannan fayil ɗin daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Outlook 2003 da 2007 suna kaiwa 20, daga 2010 zuwa sama 50. In naka yana bakin iyaka, ka san musabbabin.

Thunderbird: a nan an fi samun sa'a

Thunderbird yana ajiye kowace folda a fayil biyu. Akwai Inbox mara ƙarshen suna, wanda saƙonnin ke ciki a jere a matsayin rubutu zalla, akwai kuma Inbox.msf. Kamar sito ne da littafin mai sito: buhunan suna Inbox, msf kuwa littafin da ke faɗin inda kowane buhu yake. Littafi yana iya yagewa buhu ko ɗaya bai motsa ba. Don haka duba girman Inbox. Idan yana da ɗaruruwan megabait amma manhajar tana nuna fayau, saƙonninka suna nan.

A asusun POP ko Local Folders, danna ɓangaren dama a kan foldar, Properties, Repair Folder. Ko ka rufe manhajar ka goge fayil ɗin msf, za ta gina sabo. A asusun IMAP kuwa kada ka kuskura ka danna Repair Folder idan sabar ta rasa saƙonnin, domin zai zubar da na gida ya sake saukowa daga inda babu komai.

Hanyar da ta fi aminci ga kowane hali ita ce wannan. Rufe Thunderbird. Daga kwafin ajiyarka, ko daga foldar ImapMail ta kwafin da ka yi a mataki na uku, ɗauko fayil ɗin mara ƙarshen suna. Sauya masa suna zuwa, misali, TsohonInbox. Jefa shi cikin Mail\Local Folders na furofayil ɗinka, ba tare da msf ɗinsa ba. Buɗe manhajar, za ka ga sabuwar folda da wannan sunan. Idan akwai ƙananan foldoji, suna cikin folda mai ƙarewa da .sbd, ita ma a kwafo ta a ba ta suna iri ɗaya, wato TsohonInbox.sbd.

Ga wani abin da ba kowa ya sani ba. Idan ka goge saƙo a Thunderbird, ba ya fita daga fayil ɗin nan take. Alama kawai ake sa masa, sai ranar da aka yi Compact, wato matse fayil ɗin don zubar da abin da aka goge, yake tafiya. Buɗe kwafin fayil ɗin da manhajar rubutu irin Notepad++, za ka ga kowane saƙo ya fara da layin From, ƙasa kaɗan kuma akwai layi kamar haka:

X-Mozilla-Status: 0009

0001 yana nufin an karanta. 0009 yana nufin an karanta kuma an goge, 0008 an goge ba a karanta ba. Mayar da su 0000, ka kula lambobin su tsaya huɗu, ka adana, ka jefa fayil ɗin a Local Folders kamar yadda na faɗa. Za su dawo a matsayin sababbin saƙonni. Saboda haka idan Thunderbird ya tambaye ka ko ya yi Compact a ranar da abu ya ɓace, amsar a'a ce. In kuwa ka buɗe fayil ka tarar da dogon fili cike da NUL, wannan ɓangaren ya tafi, sai dai ka ceci na sama da na ƙasansa.

Wani lokaci kuma fayil ɗin Inbox ɗin ne baki ɗaya babu. Leƙa ma'ajiyar killacewa ta antibairos ɗinka. Saƙo ɗaya mai cuta yana iya sa ta kama duk fayil ɗin, tunda a wurinta abu ɗaya ne.

Kwafin Google Takeout da na masu imel ɗin kamfani

Wanda ya taɓa sauke ajiyarsa ta Google Takeout, wato shafin Google na sauke kwafin bayananka, zai samu fayil mai .mbox a cikin zif. Tsarinsa ɗaya da na Thunderbird, don haka a warware zif ɗin, a jefa shi a Local Folders, ko a shigo da shi da ƙarin manhajar ImportExportTools NG. Gmail ba shi da ƙofar karɓar mbox kai tsaye. Sai ka jona asusun a Thunderbird ta IMAP, ka riƙa kwafa daga Local Folders zuwa can. Yi shi kashi-kashi, 'yan ɗaruruwa a lokaci guda, da Copy ba Move ba. Google yana da iyakar megabait 500 a rana ga abin da ake ɗorawa ta IMAP, in ka matsa zai dakatar da kai na wani lokaci. Ga kuma kuɗin data. Ni a ganina ba dole ne komai ya koma sama ba: na shekara ɗaya ko biyu ya isa, sauran su zauna a kwamfuta da faifan waje.

Masu imel da sunan kamfani ko makaranta a kan cPanel, wato allon sarrafa shafin intanet da imel ɗinsa, ajiyar Home Directory tana ɗauke da folda mai suna mail. A ciki akwai sunan shafinku, sannan sunan kowane asusu, sannan cur da new. A tsarin Maildir kowane saƙo fayil ne mai zaman kansa, wanda ke nufin lalacewar ɗaya ba ta shafar sauran. Kwafi ɗaya ka ƙara masa .eml a ƙarshe, zai buɗe a Thunderbird ko Outlook. Idan kamfanin da ke riƙe muku shafin yana da ajiyar kullum, ka roƙe su su dawo da ita a wata folda ko wani asusu dabam. Dawo da ita a kan akwatin da ke aiki yana iya share duk abin da ya shigo bayan ranar ajiyar.

Cike giɓi da tantancewa

Tsakanin ranar kwafin ajiya da ranar lalacewa akwai giɓi, kuma yawanci a nan saƙon da ya fi damunka yake. Wuraren nema su ne kwafin kwana 14 da POP ya bari a sabar, abin da ScanPST ta tsamo daga lalataccen fayil, da wayarka. Idan manhajar imel ta waya tana riƙe da saƙonnin, sa wayar a yanayin jirgi kafin ka buɗe, ka ɗauki hoton allo na masu muhimmanci. Sannan akwai mutane. Duk saƙon da ka karɓa yana cikin Sent na wani, duk wanda ka aika yana Inbox na wani. Ɗalibin da ya turo babi na uku yana da shi, editan mujallar yana da wasiƙar karɓar maƙala.

Kafin ka ce an gama, jera saƙonnin da kwanan wata ka gangara a hankali, kana neman watan da babu komai. Buɗe wasu daga kowace shekara, musamman masu ɗauke da takardu, domin saƙo yakan dawo da kansa lafiya amma PDF ɗin da ke maƙale ya ƙi buɗewa. Kada ka manta da Sent, wanda a rikicin kuɗi ko na aiki ya fi Inbox amfani. Idan bincike ba ya kawo tsofaffin saƙonni, ba su ɓace ba, manhajar ce ba ta gama lissafa su ba. A Thunderbird ana iya rufe manhajar a goge global-messages-db.sqlite, za ta sake ginawa.

Idan aikin ya fi ƙarfinka

Manhajojin kuɗi masu gyaran PST suna da yawa. Galibinsu za su nuna maka saƙonnin kyauta, su nemi dala kafin su fitar. Amfanin gwajin kyautar shi ne ka ga ko abin da kake nema yana ciki kafin ka biya. Waɗanda aka fasa ake rabawa a filash kuwa, ka nisance su, domin kana miƙa duk wasiƙunka ne ga manhajar da ba ka san wanda ya taɓa ta ba.

Idan fayil ɗin gogewa aka yi, manhajoji irin Recuva ko PhotoRec suna iya tono shi daga faifai mai juyawa, da sharaɗin ba a ci gaba da amfani da kwamfutar ba kuma ba a kan wannan faifan aka saka manhajar ba. A SSD, wato faifan zamani mara juyawa, damar kaɗan ce, saboda yana share gurbin abin da aka goge da kansa ba da jimawa ba.

In za ka kai wa mai gyara a PZ ko Samaru, faɗa masa da baki, ka kuma rubuta a takarda ka manna a jikin kwamfutar: ba fomatin, ba sabon Windows. Ba shi kwafi, na asali ya zauna a hannunka. Ka tuna PST ba ya buƙatar kalmar sirrin imel ɗinka kafin a karanta shi, kuma kalmar sirrin da ake sa wa PST ɗin kansa ba ta da wani ƙarfi. Idan akwatin yana ɗauke da sakamakon ɗalibai, bayanan marasa lafiya ko takardun albashi, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafe shi, don haka ka sanar da shugaban ofis kafin fayil ya fita, ka zauna a yi aikin a gabanka, kuma ka ga an goge kwafin daga kwamfutar shagon kafin ka tashi.